Takarda da waya, ko bakin fatake?

Malam, daga Marwa ka tambaya: a ƙarni na 19, tsakanin Turawa da sarakunan ƙasarmu ta Tafkin Chadi, wa ya fi iya leƙen asirin yaƙi? A ganina kowa da inda idonsa ke kaiwa.

Turawa sun jingina ne ga takarda, wayar tangaraho da mahayan sintiri. A 1870, lokacin yaƙin Faransa da Jamusawa, jaridun Faransa da kansu suka fasa ƙwai cewa rundunar kwamandansu MacMahon ta nufi ceto takwaransa Bazaine da aka yi wa ƙawanya a birnin Metz. Labari na isa kunnen Moltke, babban hafsan Jamusawa, ya karkata dakarunsa arewa, aka ritsa Faransawa a Sedan, har sarkinsu Napoliyon na III ya shiga hannu. Sai dai samun labari daban, amfani da shi daban. A 1862, a yaƙin basasar Amurka, sojojin Janar McClellan na Arewa sun tsinci takardar umarnin abokin gabarsa Janar Lee na Kudu an naɗe sigari uku a ciki, amma McClellan ya tsaya jan ƙafa har Lee ya haɗa kan mayaƙansa a Antietam.

Namu labarin kuwa a baki yake tafiya, kuma nan ne na fi jinjina wa magabata. Madugu, mahajjaci, mai fataucin goro, kowannensu ya san rijiyar da ta ƙafe, garin da ganuwarsa ta zube, sarkin da ke sayen dawaki ba lokacin salla ba. Babu taswirar da za ta gaya maka wannan. Shi ya sa ba a sakin jiki da baƙo. A 1851 Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya haye Binuwai a mahaɗarsa da kogin Faro, ya isa Yola da 'yan rakiya daga Barno, Lamido Lawal ya sallame shi cikin 'yan kwanaki.

Raunin wannan hanya nisa ne. Rabeh, mayaƙin da ya ci Barno, ya murƙushe hafsan Faransa Bretonnet a Togbao, bakin kogin Shari, a 1899, domin abin da ke gabansa ya san shi sarai. Amma shirin da aka ƙulla a Paris, wane bafatake zai jiyo shi? Rundunonin Faransa uku, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga yamma, ɗaya daga Kwango, suka haɗu a Kusuri, kuma ranar 22 ga Afrilu 1900 Rabeh ya faɗi, Lamy, kwamandan Faransawan, shi ma ya faɗi. Ko a ranar, Faransawan ba su kaɗai suka shiga fage ba: mutanen Sarkin Bagirmi Gaurang na tare da su, su da suka san kowace mashigar Shari da Logon.