Lambar yabo ta Duke of Edinburgh a makarantar sakandare: amfaninta da wahalarta

A yawancin makarantu hidimar al'umma aikin yini guda ce. A fita da tsintsiya da shebur, a share gaban asibiti ko bakin kasuwa, a ɗauki hotuna, ranar raba kyaututtuka a kira sunan yaro ɗaya ko biyu, shi ke nan sai baɗi. Yarinyar da ta yi wata shida tana koya wa ƙananan yaran unguwarsu karatu ba ta cikin lissafi, domin babu wanda ya rubuta abin da ta yi. Shirin Duke of Edinburgh's International Award yana cikin tsofaffin tsare-tsaren da aka yi don maganin wannan matsala, kuma makaranta tana iya karɓar lasisi ta gudanar da shi da malamanta. Hukuncinmu a kansa shi ne: wajen sa ɗalibi ya dage a kan hidima, da kuma tabbatar da cewa da gaske ya yi ta, yana da wuya a sami tsarin da ya fi shi. Amma yana cin lokacin malami fiye da yadda shugabannin makarantu suke zato, kuma akwai ɓangarensa guda da yake buƙatar taka-tsantsan sosai a ƙasarmu.

Marigayi Yarima Philip, mai riƙe da sarautar Duke of Edinburgh a lokacin kuma mijin Sarauniya Elizabeth ta biyu, ya kafa shi a Birtaniya a 1956, tare da Kurt Hahn, Bajamushen da ya shugabanci makarantar Gordonstoun inda Yariman ya yi karatu, da John Hunt, wanda ya jagoranci ayarin da ya hau dutsen Everest a 1953. Da samari aka fara, 'yan mata suka shigo a 1958. Yau ana gudanar da shi a ƙasashe fiye da 120, wasu da sunan kansu: a Ghana Head of State Award Scheme ne, a Kenya da Afirka ta Kudu kuma President's Award. A Najeriya akwai ofishin ƙasa, ta hannunsa makarantu suke samun lasisi da horon malamai.

Daga shekara 14 zuwa 24 ake shiga, kuma dole a kammala kafin cika 25. Matakai uku ne: Tagulla daga shekara 14, Azurfa daga 15, Zinariya daga 16. A kowane mataki ɗalibi yana yin abu huɗu a tare: hidimar sa kai, koyon wata fasaha ko sana'a, motsa jiki, da tafiyar juriya a cikin ayari. A matakin Zinariya ana ƙara na biyar, zaman kwana 5 (dare 4) a wani wuri da mutanen da ɗalibi bai saba da su ba, ana aiki ɗaya tare. Ba gasa ba ce, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Duk wanda ya cika sharuɗɗa ya samu.

Ƙarfin shirin yana cikin yadda yake ƙirga lokaci. A Tagulla, hidima da fasaha da motsa jiki kowanne wata 3 ne, sannan ɗalibi ya zaɓi ɗaya daga ciki ya kai shi wata 6. A Azurfa kowanne wata 6, a Zinariya wata 12. Wanda ya tsallake matakin ƙasa ya shigo kai tsaye, sai a ƙara masa wata 6 a ɓangare ɗaya. Abin da ake nema a kai a kai shi ne awa ɗaya a mako, ko awa 2 a mako biyu, ko awa 4 a mako huɗu. Wata 3 mako 13 ne, wato awa 13. Yaron da ya ce zai yi awa 13 ɗin a Asabar da Lahadi ya huta, ba za a karɓa ba. Wannan sharaɗi shi ne ya bambanta shirin da irin lambar da aka kafa a Amurka a 2003, President's Volunteer Service Award, wadda aka gina a kan jimillar awoyin shekara. Jimilla kawai tana fifita yaron da yake da dogon hutu da motar kai shi. Awa ɗaya a mako kuwa ɗan talaka ma yana da ita.

Dashen bishiya ya isa a gane hikimar. A dasa darbejiya 50 a watan Yuli, a yi tafi, a watse. Zuwa Maris awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran. A ƙarƙashin wannan shiri kuwa, ɗalibi zai rubuta burinsa tun farko: bishiya 5 ne nasa, zai kewaye kowacce da ƙaya ko kwando ko tsofaffin bulo, zai riƙa ba su ruwa kowane mako daga Oktoba zuwa Afrilu, burinsa su kai damina mai zuwa da rai. Haka koyar da yara: "zan taimaka wa 'yan firamare" ba buri ba ne. "Zan zauna da yara 5 'yan aji 3 kowace Asabar daga ƙarfe 10 zuwa 11, har su iya haɗa baƙi da wasali su karanta gajerun jimloli" shi ne buri, domin ana iya dubawa a ga ko ya cika.

Akwai ayyukan da ba sa shiga lissafin hidima, kuma a nan makarantu suka fi yin kuskure. Aikin da aka biya kuɗi a kansa ba ya shiga. Tsaron shagon kawu ko taya wani kamfani kasuwancinsa ba ya shiga, haka hidimar cikin gida da yaro zai yi wa iyayensa ko kakarsa. Sharar aji ko yankan ciyawar da makaranta ta wajabta wa kowa ita ma ba sa kai ba ce. Abin da yake shiga shi ne wanda ɗalibi ya zaɓa da kansa, a lokacinsa, don amfanin wasu: aikin agaji da Red Cross ko 'yan agajin masallaci da coci, jera littattafai a ɗakin karatu na gari, koyar da lissafi a islamiyya ko tsangaya, karanta wa makafi darasi, horar da ƙananan yara ƙwallo, taimakon gidan marayu. Inda har yanzu ake aikin gayya, ko tsaftar muhalli ta ƙarshen wata kamar yadda ake yi a Kano, ɗalibi zai iya jingina da su, in dai ya cika awa 4 a wata kuma akwai mai shaidarsa.

Bayan ƙirga lokaci, mai shaida shi ne ginshiƙi na biyu. Kowane ɓangare yana da babban mutum wanda ya san aikin, ba ɗan'uwan ɗalibin ba, da zai riƙa ganinsa, a ƙarshe ya rubuta rahoto ya sa hannu. Shugaban firamaren da ake koyarwa a cikinta, ko jami'ar da ke kula da asibitin sha-ka-tafi, ko malamin tsangaya, duk suna iya zama masu shaida. Matsalar da aka fi fuskanta ita ce ba a sanar da su tun farko ba. Yaro ya gama wata 3, sannan ya kai takarda wurin wanda bai taɓa lura da zuwansa ba, shi kuma don kunya ya sa hannu. Da zarar ɗalibai sun gane sa hannu ya zama alfarma, shirin ya lalace a makarantar. Maganinsa ba wuya: kafin a fara, malami ya je da kansa ya gana da mai shaidar, ya bar masa takarda guda mai ɗauke da sunan ɗalibi da burinsa da layi 13 ko 26 na sa hannun mako-mako, sannan ya riƙa kiransa a waya sau ɗaya a wata.

Wannan ya kawo mu ga malamin da ke jagorantar shirin, wanda ofishin ƙasa yake horarwa. Shi ne mai amincewa da burin kowane yaro, mai duba abin da aka rubuta, mai bin wanda ya yi sanyi. A ganinmu malami ɗaya kada ya riƙe fiye da ɗalibai 15 zuwa 20. Yara 20 da ɓangare 3 kowanne yana nufin buri 60 da masu shaida masu yawa. Idan aka ɗora wannan a kan malamin da jadawalinsa ya riga ya cika, ba a rage masa darasi ba, ba a ba shi kuɗin kati da na mota ba, zai yi zango ɗaya da zafinsa sannan ya saki. Wasu makarantu sukan miƙa wa 'yan bautar ƙasa. Suna da kuzari, sun kuma san hidimar al'umma daga tsarinsu na NYSC, amma shekara ɗaya suke yi su tafi da duk abin da suka sani. A sa su mataimaka, jagora ya zama malamin dindindin, kuma a horar da aƙalla biyu, mace da namiji in makarantar haɗaka ce.

Lokacin farawa ma yana da muhimmanci. Ɗan SS1 da ya fara a Oktoba zai iya gama Tagulla kafin ƙarshen shekarar karatu, ya yi Azurfa a SS2. Fara shiri da 'yan SS3 ɓata kuɗi ne, domin JAMB da WAEC da NECO za su haɗiye rabin shekarar. Hutu shi ne inda ake yawan yankewa, musamman ga 'yan makarantar kwana da suke komawa garuruwansu. Tun kafin a tashi hutu a samar wa kowane yaro wurin ci gaba da mai shaida a gida, in ba haka ba a lissafa cewa makonnin hutun za su ƙara wa shirin tsawo. A watan azumi a mayar da motsa jiki bayan shan ruwa ko a sassauta shi, hidima kuwa ta samu ƙofa a rabon abincin buɗa-baki.

Tsaron yara a wurin hidima ba abin sakaci ba ne. Kada ɗalibi ya je shi kaɗai, su tafi biyu-biyu, kuma kada su shiga gidan wani babu babba. A asibiti aikinsu ya tsaya ga jera kati, nuna wa marasa lafiya hanya da shara a waje. Allura da jini da sharar ɗakin magani ba nasu ba ne. A yasar kwata a ba su safar hannu mai kauri da takalmin roba, kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin kwalbati. Izinin iyaye a rubuce dole ne, kuma ga 'yan mata ya fi kyau malama ta zauna da iyaye mata ta bayyana wurin da lokacin dawowa.

Tafiyar juriya ita ce ɓangaren da ya fi wahalar aiwatarwa a nan. Ayari mutum 4 zuwa 7 ne. Tagulla kwana 2 da dare 1, ana awa 6 na aiki kowace rana; Azurfa kwana 3 da dare 2, awa 7; Zinariya kwana 4 da dare 3, awa 8. Kafin ta ainihi akwai horo kan taswira da agajin gaggawa da girki, da tafiyar gwaji. Irin wannan horo ba baƙo ba ne a Najeriya: cibiyar horar da shugabanci da ke tsaunukan Shere kusa da Jos, da ƙungiyar Man O' War, sun samo tushe daga Outward Bound, ƙungiyar horon juriya wadda shi ma Kurt Hahn yana cikin waɗanda suka kafa ta. Amma halin tsaro a sassa da dama na Arewa bai bar wa kowa damar kwana da yara a daji ba, kuma babu lambar yabon da ta kai ran yaro. Makaranta ta nemi ofishin ƙasa ya amince mata a rubuce da hanya da masauki masu tsaro, kamar harabar wata makaranta mai katanga, kafin ta karɓi kuɗin kowa. A yi tafiyar tsakanin Nuwamba da Janairu, a guji zafin Maris zuwa Mayu da tsakiyar damina. Jakar yaro kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, a kuma tanadi wuraren ƙara ruwa a hanya, tare da gishirin ORS a akwatin magani. Wannan ɓangare ba a tsallake shi. Yaron da ya yi hidima wata 6 bai yi tafiya ba, ba zai samu lambar ba, kuma wannan a ganinmu rauni ne ga makarantar da hidima kawai take son ƙarfafawa.

Ana adana bayanai a kundin intanet mai suna Online Record Book, inda ɗalibi yake rubuta abin da ya yi kowane mako ya ɗora hoto. Yana hana ɓatan takardu, amma a makarantar da ta hana waya, ko inda data take tsada, yakan zama cikas. Abin da ke aiki shi ne a riƙe littafin takarda, sannan a ware awa ɗaya duk mako biyu a ɗakin kwamfuta a shigar da komai. Kuɗi kuwa kashi uku ne: lasisin makaranta da horon malamai, rajistar kowane ɗalibi a kowane mataki, sai kayan tafiya da abinci da mota, wanda sau da yawa shi ya fi nauyi. A nemi farashin duka a rubuce. Tanti da tukwane makaranta ta saya ta riƙa ba da aro, kuma ƙungiyar iyaye da malamai ko tsofaffin ɗalibai su ɗauki rajistar yaran da ba su da hali, in ba haka ba shirin zai zama na 'ya'yan masu kuɗi kaɗai.

A ƙarshen kowane mataki ana ba da takardar shaida da baji. Iyaye su sani tun farko cewa takardar ba ta ƙara maki a WAEC ko JAMB, ba ta kuma tabbatar da gurbin jami'a ko biza. Amfaninta yana fitowa ne wajen neman tallafin karatu ko hirar ɗaukar aiki, inda matashi zai iya faɗin abin da ya yi, a ina, na tsawon wane lokaci, da wanda ya shaida. Ranar miƙa ta, makaranta kada ta tsaya ga kiran suna. A gayyaci masu shaida da mai unguwa da iyaye, a karanta jimla biyu daga rahoton kowane yaro a gaban taro, a rubuta hidimar a takardar shaidar halin da ake ba shi idan ya gama. Waɗanda suka cika hidimarsu amma tafiya ta gagare su, makaranta ta buga musu tata takardar da adadin makonni da sa hannun mai shaida, a ba su a taro ɗaya da sauran.