Kaskar da ta kai ni taswirar sauro da kaska

Kaska ce sanadi. Na dawo daga yawo cikin ciyawa, ina wanka na ji wani ɗan ƙullutu a bayan gwiwa, na duba na ga ta riga ta kafa kai. Na sa hantsaki na kama ta daf da fata, na zare a hankali, na jefa ta cikin ƙaramar kwalba da ɗan sifirit. Da na haska ta da fitilar waya sai na ga ƙafafunta takwas suna da zobe-zobe, wani haske wani duhu, kamar an naɗa musu zare. Wani abokina da ya karanci likitancin dabbobi ya ga hoton, ya ce ta yi masa kama da dangin Hyalomma. Shi ne ya turo mini adireshin wata taswira ta intanet wadda masu bincike suke tara bayanan sauro da kaska da ƙuma da makamantansu, ya ce in duba da kaina.

Da niyyar minti goma na shiga. Darare uku na yi a kanta.

Amfani da ita ba wuya. Duniya ce a shimfiɗe, an yayyafa mata ɗigo-ɗigo masu launi. Kowane ɗigo wuri ne da wani ya taɓa kama ƙwaro ya rubuta. A gefe akwai akwatin da za ka zaɓi jinsi, da ƙasa, da tsakanin shekarun da kake so. Ka danna ɗigo, sai ɗan allo ya buɗe: sunan ƙwaron da Latin, ranar da aka kama shi, da yadda aka kama shi. Nan ne na fi daɗewa. Wani an same shi a tarkon fitila da aka rataya da dare. Wani an tsince shi a kunnen saniya. Wata kaskar kuwa farin ƙyalle aka ja a kan ciyawa ta maƙale. Akwai ma sauron da aka kama a ƙafar mutum, wato wani ya zauna da dare ya buɗe ƙwabrinsa, sauro na sauka yana zuƙe shi da bututu. Na ga wani ɗigo mai kwanan watan da ya girmi mahaifina, na tsaya ina tunanin mutumin da ya sunkuya a bakin wani kududdufi da ludayi yana kwasar tsutsa.

Da na rubuta Hyalomma, ɗigo suka bazu daga Afirka zuwa Gabas ta Tsakiya, Turkiyya, yankin Balkan har tsakiyar Asiya. Wannan dangin ne ke yaɗa zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai sa zubar jini, wanda aka fara bayyanawa a Kirimiya a 1944, aka kuma gano ƙwayarsa a Kwango a 1956. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ya kama, kuma bayan cizon kaska alamu kan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa uku, iyaka tara. Ba sai na faɗa muku ba, na ƙirga kwana taran nan ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau na fita, amma ban ƙara karanta irin wannan bayani da ƙarfe biyun dare ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne madannin shekaru. Ka zaɓi jinsi ɗaya, ka riƙa jan shekara gaba, sai ka ga ƙwaro yana tafiya a gaban idonka. Na gwada da Anopheles stephensi, sauron Kudancin Asiya da yankin Larabawa mai son tankunan ruwa na cikin birni. Kafin 2012 Afirka fes take daga gare shi. A shekarar ya ɓulla a Jibuti, a 2016 ga shi a Habasha da Sudan, a 2019 Somaliya, a 2020 Najeriya, a 2022 Kenya da Ghana. Na sake yi da Aedes albopictus, sauro mai zanen fari da baƙi, mai ɗaukar zazzaɓin denge da na cikungunya. Shi kuma tsofaffin tayoyi ne jirginsa: ƙwansa na jure bushewa a cikin taya, ta haka ya isa Houston ta Amurka a 1985, ya isa Italiya a 1990. Na sha karanta wannan a rubuce, bai taɓa shiga kaina ba sai da na ga ɗigon suna tsallake teku.

To, amma akwai inda ta ruɗe ni, kuma ina ganin za ta ruɗi duk wanda ya shiga da gaggawa. A daren farko na matso da taswirar kan wani yanki mai faɗi na ga babu ɗigo ko ɗaya, na ji sanyi a raina, wai nan babu kaska. Sai a dare na biyu na lura ɗigon suna bin manyan hanyoyi, suna cunkushewa kusa da jami'o'i da tashoshin bincike da sansanonin soja. Ashe sawun masu kama ƙwarin nake kallo. Inda mota ba ta shiga, ko inda yaƙi ya hana zuwa, ko inda ba a samu kuɗin bincike ba, fari fat yake ko da sauro na tashi kamar hayaƙi. Akwai gargaɗi kan haka a shafin, amma an ɓoye shi cikin ƙananan rubutu da ba kowa zai kai gare su ba. Da ni ne, a saman taswirar zan liƙa shi da jan rubutu.

Sai kurakurai na shigar da bayani. Na tarar da kaskar shanu zaune a tsakiyar teku, a mashigin Gini, daidai inda layukan taswira biyu masu lamba sifiri suka haɗu, na tsaye da na kwance. Wanda ya shigar da ita bai cike lambobin wuri ba, na'ura ta ajiye ta can. Wasu ƙasashen kuma za ka ga tarin ɗigo a tsakiyarsu cak, domin tsohuwar takardar sunan ƙasa kawai ta ambata. Sunaye ma suna wahalarwa. Na nemi Boophilus, wani dangin kaskar shanu, na samu 'yan kaɗan, sai abokina ya yi dariya ya ce ai an mayar da su ƙarƙashin Rhipicephalus, in nemi duka biyun. Haka tsofaffin bayanan sauron nan mai yaɗa maleriya, Anopheles gambiae: suna ɗaya ne ya rufe jinsuna da yawa masu kama da juna, ɗaya daga cikinsu, Anopheles coluzzii, sai a 2013 aka ba shi sunansa.

A waya tana da nauyi, yatsa kuma ya fi ɗigon girma, ka nufi ɗaya ka danna maƙwabcinsa. A kwamfuta ta fi daɗi, kuma can ne ake iya sauke bayanan a jere a tace su.

Ga ɗalibi mai rubuta aikin kammala karatu, ko malamin da ke son nuna wa aji yadda ƙwaro ke ƙaura, ko jami'in lafiyar dabbobi, ina ba da shawararta ba tare da ɗar ba. Wanda kaska ta ciza jiya kuma yana jin zazzaɓi, asibiti zai nufa da kwalbarsa a hannu, ya faɗa wa likita ranar cizon. Ɗigo a taswira yana nuna an taɓa ganin ƙwaron, bai ce wanda ya cije ka yana ɗauke da cuta ba.

Tawa kaskar tana nan a kwalba a kan tebur. Na rubuta kwanan wata da lambobin wurin a takarda na liƙa mata, kamar yadda na ga suna yi, abokina zai kai ta a duba ta da madubin ƙara girma. Na sake duba daidai inda ta kama ni a taswirar, ɗigo mafi kusa yana da nisan tafiyar yini a mota.