Wace Ma'ajiya Ta Dace da Bayanan Ƙwayoyin Halittar Mutane?

Idan NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, ce ta ba ka kuɗin bincike, ƙa'idarta da ta fara aiki ranar 25 ga Janairun 2015 ta ɗora maka ajiye bayanan ƙwayoyin halitta masu yawa inda sauran masana za su same su. Abin da ya rage maka shi ne zaɓen wuri.

Ma'ajiyoyin GenBank da ENA a buɗe suke, kowa ya shiga ya kwasa. Sun dace da bayanan ƙwayoyin cuta, tsirrai da dabbobi. Na mutane kuwa kada ka kai su can sai masu jinin sun amince ƙarara, domin goge suna ba ya ɓoye mutum. A 2008 aka nuna ana iya gano mutum guda cikin tarin bayanan jama'a, har NIH ta janye irin waɗannan alƙaluma daga idon kowa.

Saboda haka zaɓin yakan tsaya tsakanin dbGaP ta Amurka da EGA ta Turai, ma'ajiyoyin da sai da izini ake shiga, kuma bambancinsu yana ga wanda ke riƙe da makulli. A dbGaP kwamitin NIH ne ke tantance mai neman bayanai, izininsa na shekara ɗaya ne, sai ya sabunta. Kafin ka ɗora komai, dole cibiyarka ta sa hannu a takardar shaida cewa an duba abin da mahalarta suka amince da shi. A EGA, wadda cibiyoyin bincike na EMBL-EBI a Ingila da CRG a Basalona ke gudanarwa, ku masu ɗora bayanan ne za ku kafa kwamitin da zai ce e ko a'a. Wannan hanyar H3Africa, shirin binciken ƙwayoyin halitta da lafiya a Afirka, ya bi, kuma ta fi kare muryar al'ummar da ta ba da jini. Sai dai riƙon makulli aiki ne: idan kuɗin bincike ya ƙare kwamitin ya watse, buƙatu za su taru ba mai amsawa. In kuɗin NIH ne, ko ina ka ajiye, rajistar binciken a dbGaP tana kanka.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne takardar amincewar mahalarta. Idan an rubuta "binciken ciwon sukari kaɗai", to mai nazarin hawan jini ba zai taɓa bayanan ba. Gyara wannan layin tun kafin ɗiban jinin farko.

Ka kuma lissafa nauyi: cikakken jerin ƙwayoyin halittar mutum ɗaya, da aka karanta sau 30, yakan kai gigabait 100 a tsarin fayil na BAM. Tsarin CRAM yana rage shi sosai, amma ka adana ainihin jerin ma'auni (reference) da aka kwatanta bayanan da shi, in ba haka ba fayil ɗin ba zai buɗu ba.