Aikin da Baba kafinta na Muda Lawal ya yi mana kafin a dawo daga wankan gida

Kwana biyu bayan suna surukata ta tafi da maiɗakina da jaririyar Gombe wankan gida, da yake haihuwar fari ce. Da na dawo daga rakiya na zauna a tsakar gida ni kaɗai, sai idona ya sauka kan rijiya. Shekara biyu muna haya a wannan gida na Fadaman Mada, amma ban taɓa damuwa da cewa murfinta guntun langa-langa ne da aka danne da dutse ba sai ranar. Daga nan na fara lissafi, ga kananzir a kwalbar lemo a ƙasan tebur, ga madafi ba ƙyaure, ga janareta daf da tagar ɗakin kwana. Yau yarinyar tana da wata 11, tana rarrafe tana kama bango ta miƙe, don haka duk abin da aka yi mana ya sha gwaji, zan iya faɗin abin da na gani.

Da farko kasuwar Wunti na nufa, na sayo wani ƙunshin kayan roba na waje: abin toshe soket, robar manna wa kusurwar tebur, da maƙalan rufe kabad masu gam. Ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Zafin watan Afrilu na Bauchi ya saki gam ɗin, kuma wata rana uwar ta zaro robar kusurwa daga bakin yarinyar. Abin toshe soket kuwa, mai gyaran wuta ya nuna mini cewa soket ɗinmu mai rami uku, in na kirki ne, yana da marfi a ciki wanda ba ya buɗewa sai an tura dogon haƙorin sama. Robar na iya lalata wannan marfi, shi ya sa ma a Ingila tun 2016 aka umarci asibitocin gwamnati su cire su. Soket biyu da suka fashe na canza, na zubar da robobin.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da dattijon da nake son yin magana a kansa. Rumfarsa tana ɓangaren ’yan katako na kasuwar Muda Lawal, ba allo ba suna, kowa Baba kafinta yake ce masa. Gadon jariri kawai na je nema. Ya ce ba zai yanka katako ba sai ya ga gidan. Washegari bayan la’asar ya zo a kan babur da yaronsa, ya tsaya a tsakar gida bai ko ciro abin awo ba, ya ce, “Malam, ina uwar gidan take sauke ruwan zafi in ta dafa?” Na nuna masa bakin madafi. Ya ce, “To nan za mu fara, gado ya biyo baya. Yaron da na sani ya ƙone, a bakin madafi ya ƙone, ba a kan gado ba.” Wannan tambaya ita ta sa na amince da shi. Mutum ne da ya san yadda mata ke aiki a gidan Bahaushe, ya san inda ake ajiye tukunyar kunu da fulas ɗin shayi.

Rabin ƙyauren da ya yi wa madafin shi ne abin da ya fi komai amfani a gidan nan. Tsayinsa ya kai ƙugun babba, sakatar tana ta waje daga sama, kuma ya bar ’yan tsagogi yadda uwar tana girki tana ganin yarinyar, ita ma tana ganin uwarta ba ta kuka. A cikin madafin ya kafa kanta can sama mai kwaɗo, inda kananzir da fiya-fiya da maganin ɓera da ashana suka koma. Na daina zuba kananzir a kwalbar lemo tun da ɗan maƙwabcinmu ya kurɓa yana zaton abin sha ne. Abin da likita ya faɗa wa iyayensa ranar ya zauna mini: kada a ɗura wa yaro manja ko madara don ya yi amai, domin aman ne ke kai kananzir ɗin cikin huhu, a garzaya da shi asibiti kawai.

A kan gadon ne muka yi ja-in-ja. Katakon madaci ya zaɓa, ya bushe sarai, haɗinsa kuma ba ya ko motsi in ka girgiza. Amma da na je duba gefe na farko, sai na ga tazarar sandunan ta yi faɗi. Ƙa’idar da na sani ita ce kada ta wuce santimita 6, saboda jikin jariri na iya zurarewa ta tsakani kansa ya maƙale. Na faɗa masa, ransa ya ɗan sosu, ya ce, “Ɗana, tun ba a haife ka ba nake wannan sana’a.” Na ce, “Haka ne Baba, ba raina aikinka na yi ba, amma mu gwada.” Na aiki yaronsa ya sayo lemon gwangwani, na tura shi tsakanin sanduna biyu, ya wuce sumul ya faɗa ƙasa cikin ƙurar katako. Na ce masa in gwangwanin nan ya wuce, tazarar ta yi yawa. Ya ɗauki gwangwanin ya juya shi a hannu, ya yi shiru, can ya ce wa yaron ya kwance gefen gaba ɗaya. Bai ƙara mini ko sisi ba. Da na koma bayan mako, na tarar da gwangwanin rataye a ƙusa kusa da zartonsa, ya ce da shi yake auna gadon wata mata da ta zo bayana. A wurina wannan ya fi duk wani yabo da zan yi masa.

Ya so ya yi gefe ɗaya mai zamewa ƙasa don sauƙin ɗaukar yaro, na ƙi, domin irin wannan ne Amurka ta hana sayarwa tun 2011 bayan ya halaka jarirai. Fenti ma na ce a bari. Wasu fentin mai suna da dalma, yaro kuma in haƙori ya fara yi masa ƙaiƙayi, gefen gado yake gwaguya. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ita ba, ko da yake waccan daga dutsen zinare ta fito. Baba ya goge katakon har ya yi santsi ya bar shi da launinsa, ga shi nan gefen duk sawun haƙoranta ne. Katifa mai tauri ya sa aka yanko daidai cikin gadon, yatsa biyu ba sa shiga tsakaninta da katako. Sanduna huɗu na rataya gidan sauro kuwa dabararsa ce, ban roƙa ba. Gidan sauron da aka ba uwar wurin awo muka shanya a inuwa kwana guda muka ɗaura, ana cusa bakinsa ƙarƙashin katifa.

Rijiya ba aikinsa ba ne, amma shi ya kawo mai walda ya tsaya a kansa har aka yi murfin ƙarfe mai kwaɗo, mai gidan kuma Allah Ya saka masa ya yarda a cire rabin kuɗin daga haya. Janareta ya yi wa ’yar rumfa can kusa da ƙofar waje, nesa da taga.

Sun dawo bayan arba’in, sanyin hunturu ya kankama. Surukata ta duba gadon ta yaba, sannan ta ce wa ’yarta a sa wa jaririyar matashi da bargo mai kauri, a kuma shigo da kaskon garwashi ɗaki da dare. Ni ba zan iya musu da ita ba, sai na bi ta wurin maiɗakina, ita ta lallaɓa ta: “Inna, a asibiti sun ce a kwantar da ita rigingine, ba matashi, kuma iskar garwashi ba ta da wari, sai dai a wayi gari a ga abin da ba a so.” Inna ta ce su da suka raini tara ba su san haka ba, amma ta haƙura, muka ƙara wa yarinyar rigar sanyi da safa. Gadon yana manne da namu, uwar na ɗauko ta ta ba ta mama ta mayar.

Inda Baba ya gaza ba zan ɓoye ba. Mako biyu ya yi alkawari, sai da aka ci mako huɗu, saura kwana uku su dawo ya kawo gadon, ni kuma hankalina duk ya tashi. Waya ba ya ɗauka, sai dai ka tako da ƙafarka. Yaronsa ya bar ƙananan ƙusoshi a tsakar gida, na tsinci bakwai da hannuna, abin da bai kamata a gani ba a aikin da aka yi don jariri. Da damina ta sauka, ƙyauren madafin ya kumbura ya ƙi rufuwa, muka yi kwana biyar muna tokare shi da turmi kafin ya zo ya rage shi, kyauta dai. Gadon kuma nauyi gare shi, mace ɗaya ba ta iya matsar da shi don shara.

Kuɗin gado da katifa da ƙyaure da kanta da rumfar janareta ya kama Naira 118,000, ban da walda. Gadajen waje da na taya a shaguna, ɗaya kaɗai ya kusa cinye wannan kuɗi, ga shi ba wanda zai zo ya duba maka bakin madafi. Wanda zai je wurinsa, ko wurin wani kafintan irinsa, ya je tun ciki na wata bakwai, ya ba da rabin kuɗi, ya riƙe rabi, ya tafi da awonsa a rubuce, ya kuma share gidan da kansa bayan sun tashi. Bokiti da baho kuwa ba ruwan kafinta da su, mu ne muke kifewa duk lokacin da aka gama wanki, don ruwa kaɗan ya isa ya cinye mai rarrafe.

Shekaranjiya na ga yarinyar ta kama teburin talabijin ta miƙe, ya ɗan rinjayo. Jiya da safe na biya Muda Lawal, Baba ya ce zai zo ranar Asabar da ƙarfen da zai ɗaure shi a bango. Kafin nan na sauke talabijin ɗin na kai ɗaya ɗakin na kulle.