Rumfar gwanjon da ta yi mana kayan ƙwallon Gelik a Garwa

Ƙanena da ke aiki a Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, shi ya kawo mana ƙwallon Gelik, wasan mutanen can da ake yi da hannu da ƙafa. Da ya zo babbar salla bara, ya taho da ƙwallo guda ta kamfanin O'Neills, ya tara yaran unguwa a filin bayan makaranta, ya nuna musu yadda ake cafe ta da hannu, a yi taku huɗu, sannan a buga ta ƙasa ko a ɗana ta a ƙafa ta dawo hannu. Ranar da zai koma ya ce mini, "Yaya, amanarsu na bar maka." Yanzu yara 18 nake horarwa, Asabar da Lahadi bayan la'asar.

Duk yawon da na yi a gari ban samu mai sayar da kayan wannan wasa ba, sai a layin 'yan gwanjo na babbar kasuwa, wurin wani dattijo, Alhaji, da kayan wasanni kawai yake kwancewa. A cikin dila ɗaya na tsinci riguna biyar masu tambarin GAA a ƙirji. GAA ita ce hukumar da aka kafa a garin Thurles na ƙasar Ailan a 1884, wadda ke kula da ƙwallon Gelik da wasan sandar nan da suke kira harlin. Na ɗauki hoto na tura wa ƙanena, ya ce koriyar mai ratsin ruwan ɗorawa ta gundumar Kerry ce, wadda ta fi kowa cin kofin ƙasar. Alhaji bai san wannan ba, kuma da na faɗa masa bai ƙara ko sisi a kan kuɗin da ya fara faɗa ba. Tun daga ranar na zama ɗan gida a rumfarsa.

Rigunan sun yi mini. Ba nauyi, gumi na bushewa da wuri, kuma wata bakwai ana wanke su ɗinki bai saki ba. A ɗauki wadda ta kama jiki kaɗan, don a wannan wasa ana gogayya kafaɗa da kafaɗa, riga mai ɓurmawa kuwa yatsun abokin karawa take kamawa. Masu dogon hannu da zif, waɗanda aka ɗinka domin sanyi da yayyafin Ailan, ku bar su inda kuka gan su. A Garwa, inda zafin Maris da Afirilu ke wuce digiri 40, ba su da rana sai da sanyin safiyar Janairu. Safar hannu ma haka. Can suna sa ta ne saboda ƙwallo na santsi a ruwa, mu kuwa sai a Agusta za mu tuna da ita.

Wajen takalma Alhaji ya fi ni ido. Na ɗauko masu dogayen ƙusoshin ƙarfe, ya karɓe daga hannuna ya ce, "Malam, waɗannan na laka ne. A filinku idon sawun yaro za su karya." Gaskiyarsa. Ya zaɓo mini masu gajerun haƙoran roba da yawa, su ne suka zauna daidai a busasshiyar ƙasarmu. Kambas mai siririn tafi kuwa tsidau na huda shi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne robar haƙori, wadda ɗan wasa ke sawa a baki don kare haƙoransa. Ina cikin murnar riguna ban tanadi ko ɗaya ba. A sati na uku yara biyu suka yi tsalle tare don cafe ƙwallo a sama, gwiwar hannun ɗaya ta sami bakin ɗayan, haƙorin gaba ya gutsure. Ni na kai shi gida, ni na tsaya gaban mahaifiyarsa ina ba da haƙuri, kuma har yau in ya yi dariya sai gabana ya faɗi. Da na kira ƙanena ya ce tun 1 ga Janairun 2013 GAA ta wajabta robar ga yara a horo da wasa, a 2014 ta haɗa da manya, kuma wanda ya ƙi sawa alƙalin wasa na fitar da shi. Dalilin a fili yake: hannuwa kullum suna daidai fuska, ga ƙwallon kanta ta kai giram 480 zuwa 500, ta fi ta ƙwallon ƙafa da muka saba nauyi.

Wannan ba kayan gwanjo ba ne, sabuwa ake saye. Alhaji ya sa aka kawo mini guda 20 daga Duwala cikin ledarsu, irin ta 'yan dambe, bayan kwana goma. Ana tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, yaro ya cije ya danna da yatsu har ta ɗauki siffar haƙoransa, sai a sa ta a ruwan sanyi. Kowa da tasa, ba aro. Masu famfara kuma a riƙa duba tasu, don baki na canzawa. Yanzu kafin a taɓa ƙwallo sai kowa ya buɗe baki na gani.

Inda rumfar ta gaza, ƙananan lambobi sun yi mata ƙaranci, yaro ɗan shekara tara da wuya ya sami takalmi daidai ƙafarsa, kuma in ka fita da kaya ba a karɓa. A nan ne kuma muka saɓa da Alhaji kan wata hular kwano ta harlin mai ragar ƙarfe a fuska. Ya so in ɗauka da araha, amma sanda ɗaya na ragar ya ɓalle. Tun 2010 ba wanda ke buga harlin a ƙarƙashin GAA ba tare da hula mai cikakkiyar raga ba, saboda ƙaramar ƙwallon tana iya shiga ta ramin da aka bari ta sami ido. Na ce masa ba zan ɗora wa ɗan mutane ita ba. Ya ɗan ji haushi, amma da na koma washegari na tarar ya cire ta daga kan igiya.

Ranar Alhamis da safe yake kwance sabuwar dila. Wanda zai je ya tafi da yaron da safarsa, a gwada takalmin a tsaye kafin a biya.