Shagon kayan kifi na wajen Ƙofar Kaura, mai shi sai da ya zaunar da ni kafin ya ba ni magani

Masu kiwon tarwaɗa a Katsina ku matso. Akwai wani ɗan shagon abincin kifi da magunguna wajen Ƙofar Kaura, ni dai tauraro huɗu na ba shi cikin biyar.

Cikin zafin Afrilun nan da ke haura digiri 40 na ɗauko ɗiyan tarwaɗa 500 daga Kano a jarka, mota ta lalace mana a Bichi muka yi kusan awa biyu a rana, ina isowa gida na juye su cikin tamfol ko daidaita ruwan jarkar da na tamfol ɗin ban tsaya yi ba. Kwana huɗu sai ga jan gyambo a cikinsu, kullum da safe sai na kwashe mushe.

Na ruga shagon na ce Malam a ba ni oksitetrasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya ce samari zauna tukuna, mi ya samu kifin a hanya? Da na faɗa mashi sai ya girgiza kai, wai ƙwayar cutar da ke kawo gyambon, Aeromonas, dama tana cikin ruwa, lafiyayyen kifi zaune yake da ita ba abin da take mashi. Wahala ce ke ba ta dama. In kifi ya galabaita jikinshi na sakin kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin wahala, in abin ya daɗe sai garkuwar jiki ta yi sanyi, ga adirenalin kuma, shi ma sinadarin wahala ne, wanda ita kanta ƙwayar ke ci da shi, yana taimaka mata ta wawuri sinadarin ƙarfe daga jinin kifin ta hayayyafa da sauri. Ga yauƙin fatarsu da ya goge a jarka. Wallahi baki na saki, mutumin ba ka ce ya san wannan ba.

Ya sa na yi masu rumfa, na raba su tamfol biyu, na dakatar da abinci kwana biyu, canjin ruwa da sassafe da ɗan gishiri, sannan ya ba ni maganin da gargaɗin kar a sayar da kifin ko a ci sai maganin ya fita jikinsu. Mutuwar ta tsaya cikin sati.

Tauraron da na cire kuwa na tsadar abinci ne, buhunshi ya fi na kasuwa, kuma ba ya karɓar taransifa, sai da na fita neman mai POS da tsakar rana.