Kantin Wasa na Yara: Na Roba, Na Katako Ko Na Kwali?

Yaro kan fara kwaikwayon manya tun yana da wata 18 zuwa shekara biyu, amma wasan ciniki, inda wani zai zama mai kanti wani ya zo saye, sai wajen shekara uku zuwa huɗu yake kankama. Ribar wasan tana cikin magana da ƙirga: a gaisa, a tambayi abin da ake so, a ƙirga kaya, a jira layi, a ba da canji. Da wannan za ku auna duk kantin da aka tallata muku.

Na roba ya fi ɗaukar ido, musamman mai injin kuɗi da ke ƙara yana kunna fitila. Ba shi da nauyi, wanke shi kuma ba wuya. Aibinsa shi ne injin yakan ƙwace wasan. Yaro ya yi ta danna maɓalli, mai saye na tsaye ba wanda ya kula shi. Idan kuma injin ke haɗa lissafi, yaron bai ƙirga komai ba ke nan. In shi za ku ɗauka, ku nemi mai aljihun kuɗi da ake buɗewa da hannu, ku tabbata murfin batirin da noti aka ɗaure shi. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli yana iya ƙona maƙoshin yaro cikin awa biyu idan ya haɗiye.

Na katako ya fi tsada, ya fi ƙarko, ƙanne ma za su gaje shi. Ku girgiza shi kafin biya. Mai rumfa dogo da ƙafafu sirara yakan kife idan yaro ya jingina, don haka ko gindinsa ya zama mai faɗi ko a ɗaure shi da bango. Teburin ya tsaya daidai cibiyar yaro, wajen santimita 50 ga ɗan shekara uku. Ku shafa gefensa ko akwai sartse, ku duba alamar CE ko EN 71 ta Turai, ko ASTM F963 ta Amurka, domin waɗannan ƙa'idojin sun haɗa da gwajin guba a fenti.

Na kwali fa? Kada a raina shi. Babban kwali ɗaya da fankon kaya goma sun isa, kuma yaro na koyo tun wajen haɗawa: shi zai jera kaya iri-iri, shi zai zana alamar kanti. Ba ya daɗewa, ruwa kaɗan ya gama da shi, amma zai nuna muku ko yaron na son wasan kafin ku kashe kuɗi.

Ƙananan kayan ciki sun fi jikin kantin muhimmanci. Sikeli mai faranti biyu da ke rinjaya da gaske ya fi wanda aka zana wa allura, don a nan yaro ke gane nauyi da daidaito. Kuɗin wasa kuwa, ga ɗan shekara uku zuwa huɗu, sulalla iri ɗaya suka dace, kowanne a matsayin ɗaya, lambobin jikin kaya daga 1 zuwa 5. Dalili kuwa, a wannan shekarun yaro adadin sulalla yake gani: a wurinsa guda uku sun fi takarda ɗaya mai lamba 10. Sai ya kai biyar ko shida a shigo da masu daraja daban-daban da batun canji.

Idan akwai ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, duk abin da ya shige bututun kwalin takardar banɗaki a kawar da shi, haka ma kaya masu ƙananan maganaɗisu. Ku fara da kaya takwas zuwa goma a kan kanta, sauran a ɓoye, a riƙa musanyawa duk mako biyu.